Keken Kano da kuɗin duwan: ɗan nazari kan tarihin sayen keke a ƙetaren iyaka

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Maraɗi, ko Damagaram, ko Birnin Ƙwanni, ya san wani gida inda aka taɓa jingine baƙin keken Raleigh a zaure. In ya tambayi inda aka samo shi, amsar ba ta wuce Kano, ko Katsina, ko Sakkwato. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda keken ya ƙetaro iyaka, da nawa mai shi ya biya, da kuma abin da aka rubuta masa a takarda bayan ya biya.

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi sawun wannan saye tun daga isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 har zuwa ƴan shekarun nan. Ra'ayin da muke son kafawa shi ne, kason da dokar duwan ta yanka bai taɓa zama babban abin da ke sa mutumin kudancin Nijar ya zaɓi inda zai sayi kekensa ba. Abubuwa uku sun rinjaye shi: kusancin hanya, da darajar kuɗin ƙasashen biyu a kasuwar canji, da cinikin da ake yi a bakin iyaka tsakanin mai keke da ma'aikaci, a kan wata doka da aka rubuta cikin harshen da mai keken bai iya karantawa ba.

Tun da aikinmu nazarin harshe ne, za mu riƙi kalmomi a matsayin shaidu. Dalilinmu kuwa shi ne, rajistar duwan ba ta ƙirga sai abin da ya tsaya a ƙofar biro. Keken da mai shi ya hau ya bi ta gonaki da asuba bai bar komi cikin rajista ba, amma ya bar sunansa da sunayen ƙarafunansa a bakin mutane. Ɗalibin da ya dogara ga alƙaluman hukuma kaɗai zai ɗauka kekuna ƙalilan ne suka shigo daga kudu. Wanda ya zauna rabin yini wurin mai faci a kasuwar Maraɗi zai ji wani labari dabam.

1. Iyaka da hanyar jirgi

Iyakar da ta raba Nijar da Najeriya tsawonta ya kusa kilomita 1500, kuma a matakai aka shata ta. Yarjejeniyar 1890 tsakanin Faransa da Ingila ta ja layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. Sa'an nan aka yi gyare-gyare a 1898, da 1904, da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi. Abin da Faransawa ke nema a gyare-gyaren nan shi ne hanya mai rijiyoyi daga kogin Isa zuwa Damagaram da Cadi. Zumunci da kasuwannin mutanen wurin ba su shiga lissafi ba. Ta haka Maraɗi da Katsina, masu tazarar kimanin kilomita 90, suka wayi gari ƙarƙashin tutoci biyu, har talakawa suka riƙa kiran wannan gefe «Faranshi», wancan kuma «Ingilishi», kamar yadda William Miles ya nuna a littafinsa na 1994.

Ba a jima da kafa alamomin ba sai layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Daga baya aka miƙa reshe zuwa Ƙaura Namoda a 1929, wani kuma zuwa Nguru a 1930, dukansu kusa da iyakarmu. A ɓangaren Faransa kuwa, layin da ya taso daga Kwatano ya kai Faraku a 1936, nan ya tsaya. Ke nan duk wani kayan ƙarfe da ya fito Turai, in dai Damagaram ko Maraɗi ya nufa, hanyarsa mafi sauƙi ita ce Ikko zuwa Kano cikin jirgi, sa'an nan kimanin kilomita 240 zuwa Damagaram a bayan raƙumi ko jaki, daga baya cikin kamyo.

Hukumar mulkin mallaka ta yi ta ƙoƙarin karkatar da wannan hanya. Gab da yaƙin duniya na farko ta kafa shingen duwan a kan iyaka, amma kuɗin tsaronsa da gudun da fatake suka riƙa yi zuwa kudu suka sa aka ɗage shi a 1918. Stephen Baier ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Daga 1940 zuwa 1942, lokacin da Afirka ta Yamma ta Faransa ke bin gwamnatin Vichy, aka rufe iyakar. A 1953 kuma aka ƙirƙiro shirin nan da ake kira «Opération Hirondelle», inda ake tallafa wa masu kamyo don su sauke gyaɗar Nijar a Faraku su ɗauko kayan Faransa. Wani abin lura shi ne, sunan shirin ya zo daidai da na keken Hirondelle da kamfanin Manufrance na Saint-Etienne ke sayarwa ta katalog, wanda ma'aikatan gwamnati masu albashi kan yi oda. Manomi kuwa, in ya sayar da gyaɗarsa, kudu yake fuskanta.

2. Keke da sunayen ƙarafunansa

Kalmar «keke» kanta ba ta fito daga Faransanci ba, ba ta kuma fito daga Ingilishi ba. Aro ce daga Yarabanci, inda take nufin abu mai ƙafar da ke juyawa, kuma ta biyo hanyar jirgi ne daga Ikko. Shi ya sa a Hausa ta haɗa abubuwa da dama: keken hawa, keken ɗinki, keken rubutu. Akwai «basukur», aro daga Ingilishi, da «laulawa», da kirarin nan na «dokin ƙarfe», amma «keke» ce ta zauna. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, shekaru sittin na mulkin Faransa da lekol ba su sa kalmar «vélo» ta kori «keke» daga bakin Bahaushen Nijar ba, alhali a wasu fannoni Faransanci ya yi kane-kane, kamar yadda Claude Gouffé ya nuna a nazarinsa na 1971 kan kalmomin aro daga Faransanci cikin Hausar Nijar.

In muka dubi sassan keke, za mu iya kasa sunayensu gida uku:

a) waɗanda aka ɗauko daga kayan doki da na gida: sirdi, sarƙa, ƙararrawa, kai, ƙafa;
b) waɗanda aka aro daga Ingilishi: birki, taya, feda, bawul, boris, kariya, famfo, faci, sholisho;
c) waɗanda aka aro daga Faransanci, irin su shambur, wato robar da ke cikin taya.

Gida na biyu shi ya fi yawa, har a bakin mai gyaran da bai taɓa taka Najeriya ba. Bayanin wannan a fili yake. Kalma ba ta tafiya ita kaɗai. Tare take zuwa da abin da take suna, da mai sayar da shi, da wanda ya koya wa yaro gyara. Raleigh na garin Nottingham, da Hercules da Phillips na yankin Birmingham, su ne kekunan da kamfanonin Ingila, musamman UAC da aka kafa a 1929, suka cika kantunan Kano da su. Ko a cikin Nijar ma, kamfanin Niger Français da ke sayen gyaɗa a Maraɗi da Damagaram reshen wannan gida ne. Masu gyara kuma da yawansu a kudu suka koyi sana'ar, ko a hannun wanda ya koyo ta can, kuma daga can suke sayo kayan gyara. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ma'aunin ƙarafunan keken Ingila da na Faransa ba ɗaya ba ne: noti da fedar wannan ba su shiga na wancan. Wanda ya sayi keken Faransa a garin da duk masu faci kayan Kano suke da su, ya sayi wahala.

A shekarun 1970 aka kafa masana'antar Raleigh a Kano. Daga nan keken ya tashi daga kayan Ingila da ya ratso Najeriya, ya zama kayan maƙwabta. A yankin sefa ma an yi masana'antun haɗa keke, a Bobo-Julaso da Abijan, amma nisansu daga Damagaram ya ninka na Kano sau da yawa.

3. Kalmomin biya

In sunayen ƙarfe daga kudu suka zo, sunayen hukuma da takarda daga Faransanci suke: duwan, biro, lambo, jandarma, kumandan. A ƙetaren iyaka kuma ana cewa kwastan, ofis, lasin, rasit. Mutumin Ɗan Isa ko Matamaye ya san jerin biyu duka, yana kuma sauya su gwargwadon kakin wanda ya tare shi. Wannan ya nuna cewa ga mai magana, «duwan» da «kwastan» ba kalmomi biyu ne masu ma'ana ɗaya ba: hukumomi biyu ne, kowace da halinta da farashinta.

Hausa ba ta rasa tata kalmar ba. «Fito» asalinta ƙetarar da mutum ko kaya a kogi, kuma kuɗin fito shi ne abin da ake biya a mashigi. Madugan da ke kai ayari Gwanja sayen goro sun saba biyan irin wannan kuɗi ga sarakunan da suke ratsa ƙasarsu. Yau a kafofin labaran Najeriya «kuɗin fito» ake ce wa harajin shigo da kaya. Sai dai akwai bambanci a cikin ma'anar da bai kamata mu tsallake ba. Fiton gargajiya abin ciniki ne: madugu yakan zauna da wakilin sarki, a yi gaisuwa, a nemi ragi, a daidaita, kuma abin da aka biya yana sayen kariya a hanya. Duwan na Nasara kuwa, a ƙa'idarsa, kaso ne da aka yanka a takarda, ba ya hawa ba ya sauka. Mutanenmu sun karɓi sabuwar kalma, amma sun ci gaba da mu'amala da ita kamar tsohuwar. Har yanzu in mutum ya dawo daga biro, tambayar da ake yi masa ita ce «nawa kuka daidaita?».

Ga wanda ya kauce wa biron kuwa, akwai «fasa-ƙwauri», wadda masu magana ke dangantawa da tafiyar dare cikin daji, inda kututture ke jin ƙwaurin mai tafiya, da kuma «sumoga» daga Ingilishi. Ta farko tana bayyana wahalar mai yi ne, ba ta ce komi ba game da laifinsa.

Sunayen kuɗi ma suna da abin faɗa. A Nijar muna ƙirga da dala, wato sefa 5, da jika, wato sefa 1000 ko dala 200. A Najeriya jaka fam 100 ce, wadda ta koma naira 200 bayan 1973. Kalma ɗaya, ƙima biyu. Mai sayen keke da ya ƙetara da sefa a aljihu dole ne ya yi lissafi sau uku: daga dala zuwa sefa, daga sefa zuwa fam ko naira a wurin ƴan canji, sa'an nan ya sake komawa sefa a gaban ma'aikacin duwan.

4. Kaya ne ko abin hawa?

Keke yana da wata siffa da ta bambanta shi da buhun sukari ko turmin atamfa: yana iya ɗaukar mai shi ya ƙetare iyaka. A idon doka, keken da mutum ya fita da shi ya dawo da shi abin hawansa ne, babu biya. Wanda ya sayo sabo kuwa kaya ne da aka shigo da shi, sai ya biya. To, da me ake gane sabo?

A nan za mu kawo labarin wani kawunmu, ba don ya zama hujja ta ƙididdiga ba, sai don yana nuna yadda abin ke gudana. A ƙarshen shekarun 1970 ya tafi cin rani Kano, ya yi ga-ruwa har faɗuwar damina, ya sayi sabon Raleigh. Al'adar lokacin ita ce a bar takardar da aka naɗe ƙarfen keke da ita har ta yage don kanta, domin kowa ya san sabo ne. Da suka kusa iyaka, abokan tafiyarsa suka ce ya ɓare takardar, ya shafa wa keken laka, ya hau abinsa. Ya ƙi. Ya ce bai sha ranar Kano wata biyar ba don ya shiga garinsu da keke mai kama da na aro.

A wani ƙaramin biro da ba za mu ambata ba, ma'aikaci ya tare shi.

«Malam, wannan kaya ne ko abin hawa?»

«Ranka shi daɗe, ai da shi na zo.»

«Na gani. Da shi ka tafi?»

Kawu ya yi shiru. Ba shi da wata takarda daga mai kanti, don haka ma'aikacin ne ya faɗi ƙimar keken, ya kuma faɗi abin da za a biya. Aka yi ta ja, keken ya kwana a biro, washegari kawu ya sayar da ƴar rediyon da ya sayo ya cika kuɗin. Aka ba shi takardar shaidar biya, wadda Faransanci ke kira «quittance». Ya naɗe ta cikin fata kamar laya, ya ajiye a ƴar jakar da ke bayan sirdi, domin ko a cikin ƙasa jandarma na iya tambayarta. Shekaru bayan haka, muna ƴan lekol, ya ba mu ita mu karanta masa. Adadin da ke rubuce bai kai abin da ya ce ya biya ba.

Abubuwa uku za mu cire daga wannan labari. Na farko, ƙimar da ake yanka kaso a kanta ita ce ainihin wurin ciniki, ba kason ba; in babu takardar saye, kashi 20 cikin 100 na iya zama kowane adadi. Na biyu, takardar da ke hannun mai keke tana kare shi daga wani ma'aikacin na gaba, amma ba ta kare shi daga wanda ya rubuta ta, tun da bai iya karanta ta ba. Na uku, baitulmali ma ya yi hasara a wannan ciniki. Abokan kawu da suka shafa laka ba su biya komi ba, shi da ya biya kuma ba duka kuɗinsa suka isa asusun gwamnati ba.

5. Canjin kuɗi, 1945 zuwa 1994

An ƙirƙiro kuɗin sefa ran 26 ga Disamba 1945. Daga 1948 darajarsa a kan faran na Faransa ba ta motsa ba har 1994. Bayan sauyin kuɗin Faransa na 1960, sefa 50 ke daidai da faran 1. A kudu kuwa ana amfani da fam da sule da kwabo, waɗanda suka daɗe suna yawo a kasuwannin kudancin Nijar. John Collins ya nuna a nazarinsa na 1976 yadda gyaɗa ke sauya alƙibla a kan wannan iyaka gwargwadon inda farashi ya fi tsoka: wata shekara ta gangara kudu, wata shekara ta hauro arewa. Keke kuwa kusan kullum arewa yake haurowa, kuma sau da yawa shi ne ke ɗaukar buhun gyaɗar.

A watan Janairu 1968, cikin yaƙin basasa, Najeriya ta sauya takardun kuɗinta, ta kuma tsaurara dokar fitar da kuɗi. Tun daga nan kuɗin Najeriya, fam da kuma nairar da ta gaje shi ran 1 ga Janairu 1973, ba su canzuwa a waje cikin sauƙi, alhali sefa tana canzuwa zuwa faran da lamunin baitulmalin Faransa. Ƴan kasuwar Kano masu son sayo kaya daga Turai suka shiga neman sefa ido rufe, suna ba da naira fiye da farashin banki. Wannan rata ita ce ribar mai sayen keke. Ko da ya biya duwan cikakke, sau da yawa keken Kano ya fi na kantin Maraɗi araha. A kan irin wannan rata ne, a babban mataki, Alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsu a 1986 suka gina wani ɓangare na dukiyarsu.

Shekarun 1970 sun haɗa arzikin man fetur a Najeriya da fari a Nijar. Bayan yunwar 1973-1974 da rushewar noman gyaɗa, samari suka yi ta kwarara kudu cin rani, kuma keke da rediyo da agogo su ne tsarabar wanda tafiya ta yi wa kyau. Wannan zamani ya katse da korar baƙi ta Janairu 1983, sa'an nan rufe iyaka daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986. Rufewar ta zo daidai da wani farin, har mutanen kudancin Nijar suka laƙaba wa yunwar 1984-1985 suna «El-Buhari». A waɗannan watanni biro ba shi da abin karɓa, amma hanyoyin daji ba su huta ba, kuma keke ya zama babban abin jigila a cikinsu, tun da ba ya ƙara, ba ya son fetur, ana kuma iya kwantar da shi cikin hatsi in an hango fitila.

Daga Satumba 1986 Najeriya ta saki naira ta faɗi, kayanta suka ƙara araha ga mai sefa. Amma faɗuwar ta tsauwala wa masana'antun Kano masu sayo ƙarfe da kayan haɗi daga waje, ta kuma buɗe kasuwa ga kekunan Sin irin su Phoenix da Flying Pigeon, da na Indiya irin su Hero da Avon, waɗanda aka ƙera bisa fasalin tsohon keken Ingila, don haka sunayen sassa ba su canza ba. A watan Agusta 1993 bankin BCEAO ya daina sayen takardun sefa da aka fitar wajen yankin, ran 12 ga Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran 1 ya koma sefa 100. Dare ɗaya jikar mai sayen keke ta rage ƙarfi a wurin ƴan canji, ko da yake ci gaban faɗuwar naira ya maido masa da wani abu daga baya. A duk tsawon wannan tarihi babu wata dokar duwan da ta taɓa sauya farashin keke da sauri kamar yadda canjin kuɗi ya yi.

6. Lissafin duwan tun daga 2000

Ƙungiyar UEMOA, wadda aka kafa ran 10 ga Janairu 1994, ta fara aiki da jadawalin duwan na bai-ɗaya ran 1 ga Janairu 2000, mai matakai huɗu: 0, 5, 10 da 20 cikin 100. A 2015 jadawalin CEDEAO ya ƙara mataki na biyar, 35 cikin 100. Keken da aka gama haɗawa, mai lamba 87.12 a jerin kayayyaki na duniya, yana matakin 20 cikin 100, tare da sauran kayan masarufi da aka gama sarrafawa.

Bari mu ɗauki misali da keken da aka ƙiyasta a jika 50. Kuɗin duwan, 20 cikin 100, jika 10 ne. Kuɗin ƙididdiga, 1 cikin 100, sefa 500. Harajin TVA, 19 cikin 100, ana yanka shi ne a kan ƙimar keken haɗe da waɗannan biyun, wato sefa 60.500, ya ba da sefa 11.495. Jimla ta kusa jika 22, ban da ƙananan kason da ake karɓa da sunan ƙungiyoyin yanki. Ke nan mai keke zai ƙara kimanin kashi 44 cikin 100 a kan abin da ya saya. Wanda aka ce masa «ashirin cikin ɗari» ya zo da jika 10, sai ya ji jika 22, ba laifinsa ba ne in ya yi zargin an cuce shi, ko da ma'aikacin bai ƙara ko dala ba.

Shirin CEDEAO na sassauta ciniki, wanda ya fara shafar kayan masana'antu a 1990, ya yafe duwan ga kayan da aka ƙera cikin yankin, amma da sharaɗin masana'antar ta sami amincewa, kayan kuma su zo da takardar shaidar asali. Ɗan cin rani mai keke ɗaya ba ya samun irin wannan takarda. Keken Sin da aka sayo a Kano kuwa ba kayan yankin ba ne. An biya masa kwastan a Ikko, za a kuma biya masa duwan a iyakarmu. Ban da haka, tsofaffin kekunan Turai da Japan, ƴan Kwatano, sun buɗe wata hanya ta yamma, babura ƴan Sin kuma, tun shekarun 2000, suka karɓe matsayin da keke ke da shi a idon samari.

Ƴan shekarun nan sun maimaita tsohon darasi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024, kayan da ke bin Kwatano kuma suka koma bin Lome ta Burkina Faso. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A gefe guda, a watan Fabrairu 2021 an aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wato ci gaban hanyar nan ta 1911 da ta fara kawo mana keke.

Kammalawa

Mun ga cewa hanya ce ta sa keken kudancin Nijar ya fito daga Kano, canjin kuɗi ne ya riƙa yanka farashinsa, kuma abin da ake biya a iyaka ya fi dogara ga ƙimar da aka faɗa da baki fiye da kason da ke cikin littafi. Harshe ya adana wannan rabo: ƙarfen yana amsa sunayen kudu, takardar tana amsa sunayen Faransanci, cinikin da ke tsakaninsu kuma da Hausa ake yin shi.

Daga nan ayyuka biyu ke jiranmu. Na farko na ɗalibanmu ne: a tattara sunayen sassan keke daga bakin tsofaffin masu faci a Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Magarya, Ƙwanni da Tawa, a kwatanta yawan aron Ingilishi da na Faransanci gwargwadon nisan gari daga iyaka, a kuma nemi tsofaffin takardun biya da ke cikin adakokin gidaje kafin gara ta cinye su. Na biyu ya shafi hukuma. Dokar sabunta ƙasa ta watan Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. In ana son wannan matsayi ya taɓa rayuwar talaka, ɗaya daga cikin wuraren farawa shi ne allo a ƙofar kowane biron duwan, da sanarwa a rediyo, masu faɗin da Hausa yadda ake ƙiyasta kaya, da kason da ake yanka, da abin da ya wajaba a rubuta a takarda. Wannan zai bukaci mu daidaita kalmomi: mene ne za mu kira ƙimar duwan, da shaidar asali, da kuɗin ƙididdiga, ta yadda manomi zai gane su daga ji ɗaya. Aikin sashenmu ne, kuma muna fatan abokan aiki masana tarihi da tattalin arziki za su gyara mana inda muka yi kuskure a wannan matakin farko.